Yadda Ake Zuba Jari a Asusun Bin Ma'auni na Manyan Kamfanoni Masu Araha

Wanda ya taɓa harkar shinkafa a Kebbi ya san lissafin nan. Da kaka shanshera takan cika kasuwannin Jega, Kamba da Argungu, farashi ya sauka, mai haƙuri ya saya ya adana. Shinkafar lafiyarta ƙalau, yawa ne ya karya mata kuɗi. Amma a cikin buhunan akwai wanda arharsa ta laima ce, in ka ajiye shi wata biyu sai ka tarar ya ruɓe. Haka hannayen jarin da ake kira masu araha suke. Manyan kamfanoni ne da suka daɗe suna cin riba, amma kasuwa ta sa musu farashi ƙasa idan aka gwada da ribarsu da kadarorinsu. Wasu arharsu ta ɗan lokaci ce, wasu kuma ciwo ne a jikinsu. Tunda ni da kai ba za mu iya tantance su ɗaya bayan ɗaya ba, sai mu saye su a dunƙule ta hanyar asusu guda.

Ma'auni jerin sunayen kamfanoni ne da ake tsarawa bisa ƙa'ida. Misali, ma'aunin S&P 500 Value yana ɗebo kamfanoninsa daga cikin manyan kamfanoni 500 na Amurka ta hanyar gwada farashin hannun jarin kowanne da abu uku: kadarorinsa, ribarsa, da cinikinsa. Asusun bin ma'auni kuwa ba ya zaɓe da ra'ayi, abin da ke cikin jerin shi yake saye, shi ya sa kuɗin kula da shi ke da sauƙi. John Bogle na kamfanin Vanguard ne ya fara buɗe wa talakawa irin wannan asusu a 1976. Yawancinsu yau ana sayensu a kasuwa kamar hannun jari ɗaya, ana kiransu ETF.

Abubuwan da za ka tanada

Lambar BVN da lambar NIN. Tun kafin ka fara, duba ko sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a duka biyun da kuma asusun bankinka. A wajenmu wannan shi ne babban abin da ke tsayar da mutane: Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari ya shiga a matsayin sunan mahaifi. Gyara shi a banki ko ofishin NIMC tukuna.

Asusun banki mai sunanka kai kanka. Na mata ko na ƙani ba zai yi ba. In kana guje wa kuɗin ruwa, na Jaiz ko TAJBank ya wadatar.

Katin shaida mai hoto: katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, lasisin tuƙi ko fasfo.

Shaidar adireshi. An fi karɓar takardar kuɗin wuta ta Kaduna Electric ta watannin baya-bayan nan. In gidanku ba mita, ko takardar ba ta zuwa, nemi bankinka ya buga maka bayanan asusu mai ɗauke da adireshinka, ka tambayi dillalin ko zai karɓa. Da yawa suna karɓa.

Waya mai intanet, adireshin imel da kai kaɗai ke buɗewa, da layin da ke haɗe da BVN ɗinka. Sai littafi na takarda da za ka riƙa rubuta duk abin da ka saya.

Sai kuɗin da ba ka da buƙatarsu nan da shekara biyar aƙalla. Wannan ya fi duk sauran muhimmanci.

Mataki na 1: Ware kuɗin da za su iya jira

Kuɗin taki, kuɗin makarantar yara, kuɗin da ka tara na aure ko na kujerar Makka ta baɗi, duk ba su da wuri a nan. A 2008 ma'aunin manyan kamfanonin Amurka ya faɗi da kusan kashi 37 cikin 100 a shekara guda, masu arahar ma ba su tsira ba domin bankuna ne suka fi shan kashi. A shekarar ce kasuwar Legas ta zube da fiye da kashi 40, mutanen da suka ci bashi suka sayi hannayen jarin bankuna har yau wasunsu ba sa son jin zancen. A Maris na 2020 kuma, lokacin korona, kasuwar Amurka ta rasa kusan kashi ɗaya bisa uku cikin 'yan makonni. Ta farfaɗo daga baya, amma wanda larura ta sa ya sayar a tsakiyar faɗuwar ya tafi da asararsa.

Saboda haka fara ajiye kuɗin cefane na wata uku zuwa shida a inda hannunka zai kai cikin sauri. Abin da ya ragu bayan wannan shi za ka zuba. Kada ka ci bashi don wannan harka, kada ka sa kuɗin adashen mutane ko amanar marayu. In kuɗinka na shekara biyu ko uku ne, sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar jari marar kuɗin ruwa da aka fara fitarwa a 2017, ya fi dacewa da kai.

Mataki na 2: Warware maganar halacci kafin ka buɗe komai

A nan zan daɗe, domin masu tallata irin wannan asusu ba sa faɗa mana. Ma'aunan kamfanoni masu araha cike suke da bankuna da kamfanonin inshora. A asusun Vanguard Value ETF, mai alamar VTV, wanda ke ɗauke da kamfanoni sama da 300, harkar kuɗi ce ɓangare mafi girma, kusan kashi ɗaya bisa biyar ko fiye. JPMorgan Chase da Berkshire Hathaway suna sahun gaba, tare da irin su ExxonMobil, Johnson & Johnson da Procter & Gamble. Akwai kamfanonin taba da na makamai a ciki. Bankuna da kamfanonin inshora suna da yawa kuma a asusun SPYV mai bin S&P 500 Value, da IWD mai bin Russell 1000 Value. Dalilin a fili yake: hannun jarin banki kusan kullum yana da araha idan aka gwada da kadarorinsa, don haka ƙa'idar ma'aunin tana jawo shi ciki.

Ga Musulmin da ke guje wa riba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a cire banki daga asusu kamar yadda ake tsince tsakuwa. In ka saya, ka saye duka. Malaman da ke aikin tantance hannayen jari, bisa ƙa'idojin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, suna duba abu biyu. Na farko sana'ar kamfanin: banki mai kuɗin ruwa, giya, caca, naman alade, duk sun fita. Na biyu lissafinsa: bashin ruwan da ke kansa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuma abin da ke shigo masa ta haramtacciyar hanya kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarsa, shi ma a fitar da shi sadaka.

To, mene ne mafita? A gida akwai Lotus Halal Equity ETF, wanda aka sa a kasuwar hannayen jari ta Legas, wato NGX, a 2014, yana bin ma'aunin NGX Lotus Islamic. Manyan kamfanoni ne na siminti, sadarwa, abinci da noma, an tace su. A Amurka akwai asusun da aka tace masu alamar SPUS da HLAL. Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce, waɗannan ba asusun kamfanoni masu araha ba ne. SPUS da HLAL ma sun karkata sosai ga kamfanonin fasaha masu tsada irin su Apple da Microsoft, domin su ne ba su da bashi mai yawa idan aka gwada da darajarsu a kasuwa. Wato za ka samu manyan kamfanoni da bin ma'auni, amma za ka bar arahar. A ganina wannan canji ne da ya cancanta: kwanciyar hankali a kan abin da kake ciyar da iyali ta fi ƙarin kashi ɗaya ko biyu. Kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki jerin kamfanonin da ke cikin asusun, a rubuce, ya duba. Kada ka tambaye shi a dunƙule wai ko hannun jari halal ne, amsar tana cikin jerin.

Wanda wannan ƙa'ida ba ta shafe shi ba, kamar 'yan'uwanmu Kiristoci na Zuru da sauran wurare, duk ƙofofin a buɗe suke gare shi, matakan da ke tafe kuma ɗaya ne ga kowa.

Mataki na 3: Zaɓi tsakanin naira da dala

Hanyar gida ita ce kasuwar NGX. Akwai Meristem Value ETF mai bin ma'aunin kamfanoni masu araha, akwai Vetiva Griffin 30 da Stanbic IBTC ETF 30 masu bin manyan kamfanoni 30 na kasuwar, waɗanda bankuna da kamfanin giya ke cikinsu, sai Lotus da muka ambata. Da naira za ka saya, hukumomin da ke kula da su kuma na gida ne.

Hanyar waje ita ce manhajojin da ke ba 'yan Najeriya damar sayen hannayen jarin Amurka, irin su Bamboo da Trove. Amfaninta kariya daga faɗuwar naira: kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Amma takobin kaifi biyu gare shi. In ka sayi dala da tsada naira ta farfaɗo, za ka ga asara a lissafin naira ko da asusun bai motsa ba. Ƙari a kan haka, Amurka tana cire kashi 30 cikin 100 na ribar da ake rabawa kafin ta iso hannunka, domin babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya. Wannan ya fi cizo a asusun masu araha, tunda wani babban ɓangare na amfaninsu rabon riba ne. A gida kashi 10 ake cirewa daga rabon ribar kamfanoni.

Ga mai farawa da kuɗi kaɗan, ina ba da shawarar ya fara da hanya ɗaya ya gane ta, sannan ya ƙara ta biyun.

Mataki na 4: Tantance dillali

Ba a shiga kasuwar kai tsaye, sai ta hannun dillali mai rajista. Shiga shafin hukumar SEC ta Najeriya, mai kula da kasuwar hannayen jari, ka nemi jerin masu rajista, ka rubuta cikakken sunan kamfanin, ka ga ko yana ciki da kuma irin aikin da aka ba shi izini. Takardar rajistar CAC ba izinin karɓar jarin mutane ba ce, shago ma yana da ita. Yawancin dillalai ofisoshinsu na Legas da Abuja, wasu Kano, inda SEC ma ke da ofishin shiyya, amma daga Birnin Kebbi ko Yawuri za ka gama komai ta waya.

Duk wanda ya ce maka riba tabbas ce, ko kashi kaza kowane wata, ko ka kawo mutum a ba ka lada, ko ka tura kuɗi asusun wani mutum, rabu da shi. MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Asusun bin ma'auni ba ya yi wa kowa alkawari. Manhajar ma ka sauke ta daga mahaɗin da ke shafin kamfanin na ainihi, kada ka bi wanda aka turo a zauren WhatsApp.

Mataki na 5: Buɗe asusu

Cike fom, ɗora hoton katinka da shaidar adireshi, ka ɗauki hoton fuskarka a wuri mai haske. In hanyar gida ka bi, dillali zai buɗe maka asusu a CSCS, wurin da ake ajiye hannayen jarin kowa, a ba ka lambar CHN. Rubuta ta a littafinka. Lambar taka ce, ko ka sauya dillali tana nan, kuma shaida ce cewa kayan da sunanka suke. Nemi a haɗa ka da tsarin biyan riba kai tsaye ta banki, da tsarin da kuɗin abin da ka sayar ke faɗawa asusunka ba tare da sun kwana wajen dillali ba. Biliyoyin naira na ribar da ba a karɓa ba suna jibge saboda mutane sun tsallake wannan.

In hanyar waje ce, akwai fom ɗin W-8BEN da ke shaida cewa kai ba ɗan Amurka ba ne. Yawanci manhajar ke cike shi da bayananka, kai dai ka tabbatar daidai ne.

Kunna tsaron mataki biyu. Lambar sirrin da ke zuwa ta saƙo kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake.

Mataki na 6: Karanta takardar bayanin asusun

Kowane asusu yana da gajeriyar takarda, shafi ɗaya ko biyu, a shafin kamfanin da ke kula da shi. Abu huɗu za ka nema: ma'aunin da yake bi, manyan kamfanoni goma da ke ciki, kuɗin kulawa na shekara, da yadda sakamakonsa ya bi sawun ma'aunin a shekarun baya.

Kuɗin kulawa shi ne abin da mai farawa ke rainawa. VTV da SPYV suna karɓar ƙasa da kashi 0.1 cikin 100 a shekara. Asusun gida sun fi haka nesa ba kusa ba. Yi lissafi da naira miliyan ɗaya: kashi 0.04 naira 400 ne a shekara, kashi 1.5 kuwa naira 15,000 ne, kuma kowace shekara ake cira, ko an ci riba ko an faɗi. Cikin shekara goma sha biyar bambancin ya zama jari guda. Duba kuma manyan goman nan. In kamfani uku sun cinye rabin asusun, kamar yadda kan faru a ƙaramar kasuwa irin tamu, ka san rarrabawar ba ta kai yadda kake zato ba.

Mataki na 7: Sayen farko

Tura kuɗi kaɗan tukuna, ka ga sun shiga. A hanyar dala, gwada farashin canjin manhajar da na kasuwa kafin ka amince, domin a nan ake yanka ba tare da an ce kuɗin aiki ba ne.

Nemo asusun da alamarsa, ka karanta cikakken sunan kafin ka danna, haruffan suna kama da juna. Oda iri biyu ce: wadda ke saye a duk farashin da aka samu, da wadda kai ke ƙayyade iyakar abin da za ka biya. Yi amfani da ta biyun, musamman a NGX. Cinikin ETF a kasuwarmu ba shi da yawa, wata rana masu sayarwa kaɗan ne, sai farashi ya yi nisa da ainihin darajar kayan da ke cikin asusun. Kamfanin da ke kula da asusun yana wallafa wannan ainihin daraja ta kowane hannu, ana kiranta NAV. In ta ce naira 100 kasuwa kuma na neman 140, to kana biyan 40 a banza, kuma ranar da farashin ya dawo daidai kai za ka ɗauka. Sa odarka kusa da NAV ka jira. In ba ta shiga ba, tuntuɓi kamfanin ka tambayi hanyar saye daga wajensu.

Kasuwar Amurka tana buɗewa da ƙarfe 2:30 na rana agogonmu daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ta rufe 9:00 na dare. Sauran watannin 3:30 ne zuwa 10:00. Bari rabin awar farko ta wuce kafin ka saya. In kuɗinka bai kai hannu guda ba, manhajojin da dama suna sayar da gutsure.

Bayan ciniki za a turo maka takardar da ke nuna adadi, farashi, kamishon dillali da kuɗaɗen hukumomi. Ajiye ta. A hanyar gida ana biyan waɗannan kuɗaɗe wajen saye da wajen sayarwa, shi ya sa yawan shiga da fita ke cinye jari.

Mataki na 8: Ci gaba da zubawa a kan tsari

Ma'aikaci ya ware adadi guda duk wata, ranar da albashi ya shigo. Manomi ko ɗan kasuwar albasa na Aliero, wanda kuɗinsa ke zuwa a dunƙule, ya raba abin da ya ware kashi uku ko huɗu ya zuba cikin watanni. Ribar da aka raba maka, in ba ka buƙatarta, mayar da ita ciki.

Abin da zai gwada ka shi ne ganin wasu sun wuce ka. Kusan duk shekarun 2010 zuwa 2020 kamfanonin fasaha sun bar masu araha a baya a Amurka. Sai ga 2022: ma'aunin Russell 1000 na kamfanoni masu saurin girma ya faɗi da kusan kashi 29, na masu araha kuwa da ƙasa da kashi 8. Binciken Eugene Fama da Kenneth French na 1992 ya nuna masu araha sun fi ba da riba a tsawon tarihi, amma bai ce kowace shekara ba, bai kuma ɗaure gaba ba. Wanda ya yi tsalle daga wannan asusu zuwa wancan yana bin wanda ya ci bara, yawanci yakan isa ne bayan an tashi. Duba asusunka sau ɗaya a wata uku ya isa.

Mataki na 9: Zakka, tsarkakewa da gado

Tsayar da rana guda a shekarar Musulunci. In dukiyarka gaba ɗaya ta kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo, akwai zakka. Malamai sun bambanta a kan jarin da aka ajiye na dogon lokaci: wasu sun ce a fitar da kashi 2.5 na darajarsa a kasuwa, wasu sun ce na ɓangaren kadarorin kamfanin da zakka ta hau kansu kawai. Ni na farkon nake bi domin ya fi sauƙin lissafi kuma ya fi fitar da mutum daga shakka. Asusun da aka tace kan wallafa ɗan kason da za ka cire daga ribarka don tsarkakewa. Wannan daban yake da zakka, ka ba mabuƙata ba tare da ka lissafa shi cikinta ba.

A littafin nan naka rubuta sunan dillali, lambar CHN, imel ɗin da ka yi rajista da shi da sunan kowane asusu, ban da lambobin sirri. Sanar da mutum biyu amintattu inda littafin yake. Wanda ka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba, shi dai za a tuntuɓa, rabon kuwa sai magada sun kawo takardun kotu. In jarinka na Amurka ya doshi dala 60,000, nemi shawarar masani, domin daga nan harajin gadon Amurka ke fara hawa kan dukiyar baƙi.

Mataki na 10: Sayarwa

Fara janyewa shekara ɗaya ko biyu kafin ranar buƙatar, kashi-kashi, da oda mai ƙayyadadden farashi kamar yadda ka saya. Kuɗin ba sa fitowa a ranar, sukan ɗauki 'yan kwanakin aiki kafin su iso banki, na dala kuma sai an canza su. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta taɓa yadda ake lissafin harajin ribar sayar da hannun jari, don haka in adadin mai yawa ne, tambayi dillalinka abin da zai hau kanka kafin ka sa odar, ka kuma riƙe takardun sayen farko domin da su za a lissafa ribar.